Littafin aikin wutsiyar jirgi: yadin gilashi da efoksi a kan soso, Garwa

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Kayan da na yi wata huɗu ina jira sun iso Garwa ta Kamaru jiya da yamma, bayan sun sauka a tashar jiragen ruwa ta Duwala, sun bi jirgin ƙasa daga Yawunde zuwa Ngaundere, sannan mota ta ƙaraso da su. Na buɗe wannan littafi na jirgin saman da nake haɗawa a gida domin in riƙa rubuta abin da na auna da abin da na kashe da abin da na ɓata, tun da ɓangaren da zan fara da shi, wato fiffiken wutsiya na kwance, shi ne zai koya mini aikin kafin in kusanci manyan fikafikai.

Hanyar da tsarin ginin jirgin nawa ya bi ita ce wadda Burt Rutan ya yaɗa daga garin Mojave na jihar Kalifoniya a Amurka, da jirginsa VariEze wanda ya fara tashi a 1975, da Long-EZ da ya biyo baya a 1979. Ana yanka soso mai tauri ya ɗauki siffar fiffike, a lulluɓe shi da yadin da aka saƙa da zaren gilashi, a jiƙa yadin da efoksi, wato ruwan gam da ke daskarewa ya yi tauri idan an haɗa shi da ruwan daskararwarsa. Idan ya daskare, fatar ita ke ɗaukar nauyi, sosan kuma ya tokare ta daga ciki don kada ta lotsa. Ba a buƙatar tukunyar zubi ko manyan injuna, kuma wannan ne ya sa mutum mai rumfar kwano a bayan gida irina yake iya sa rai.

Efoksi da ruwan daskararwarsa, kilo 7, sun ci sefa 210,000. Yadi mita 30 ya ci 135,000, soson folistiren shuɗi guda 8 ya ci 96,000, kwastan da dako 140,000. Jimla 581,000. Na ƙara 12,000 na sikelin da yake auna giram ɗaya-ɗaya, domin efoksin nawa da nauyi ake haɗa shi, kashi 100 na efoksi da kashi 40 na ruwan daskararwa, ba da ƙiyasin ido ba.

Talata, 9 ga Janairu

Kawuna, wanda ya shekara talatin yana gyaran jikin mota, ya leƙo rumfar ya ga kuɗin da na zuba, ya ce mini: "Ɗan nan, rezin ɗin da muke liƙa bamba da shi yana nan a kasuwa, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗin." Ban yi masa musu ba, sai na roƙe shi ya kawo kaɗan mu gwada. Muka ɗiga a kan guntun soso, kafin minti ɗaya sosan ya lotsa ya narke kamar sukari a shayi. Rezin ɗin masu gyaran mota foliyesta ne, kuma sinadarin sitirin da ke cikinsa yana cinye folistiren. Man fetur ma haka yake yi masa, shi ya sa ba a yin tankin mai da irin wannan soso. Kawu ya jima yana juya guntun a hannunsa, sannan ya ce zai riƙa zuwa ran Asabar, domin hannunsa ya san yadi ko da ruwan ya bambanta. Na yi murna da hakan ƙwarai.

Asabar, 13 ga Janairu

Gwajin farko a kan tebur, ba a kan fiffike ba. Na yanka yadi falle shida, kowanne santimita 25 da 40. Yadin yana da nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita, saboda haka kowane falle giram 30 ne, shida kuma 180. Idan aikin hannu ya yi kyau, efoksin da zai zauna a ciki ba zai wuce nauyin yadin ba, gara ma ya ɗan gaza.

Na fara da ƙarfe bakwai na safe, ma'aunin zafi yana nuna digiri 18 saboda sanyin hunturu. Efoksin ya yi kauri kamar zumar da ta kwana a waje, ya ƙi ratsa saƙar, ni kuma da na ga farin zare sai in ƙara zubawa. Da ya daskare na ɗora shi a sikeli, ya ba ni giram 398. Ke nan efoksi giram 218 na cusa wa yadi giram 180. Allon yana sheƙi, ƙanina har yana yaba shi, amma wannan sheƙin shi ne aibin. Ƙarfin yana cikin zaren gilashi, efoksi riƙe zaren kawai yake yi, duk abin da ya ƙaru kuwa nauyi ne na banza. A wutsiya abin ya fi muni, domin tana nesa da tsakiyar nauyin jirgi, kuma abin da ya yi yawa a can sai an rama shi da wani nauyin a hanci.

Talata, 16 ga Janairu

Gwaji na biyu. Na tsoma gwangwanayen a ruwan ɗumi na rabin sa'a kafin in haɗa, na kuma ja mashafin roba a kan kowane falle har sai da ya daina tara efoksi a bakinsa. Giram 341, babu farin tabo. Wannan nake so hannuna ya riƙe.

Asabar, 20 ga Janairu

Yankan soso. Mun ɗaura wayar ƙarfe mai kaurin milimita 0.8 a baka na katako, muka ba ta wuta daga taransifoma har ta yi zafin da za ta ratsa soso tana barin siraran zaruruwa a bayanta. A kowane gefen sosan an kafa allon samfuri na fomaika mai siffar fiffike, an raba bakinsa gida-gida da lambobi iri ɗaya. Ni ina riƙe da gefe ɗaya ina kiran lamba, ƙanina yana ɗayan gefen yana bi na, domin wayar ta isa kowace lamba a lokaci guda.

Na farko ya lalace a goshin fiffike. Mun yi sauri a kan lanƙwasar, tsakiyar wayar ta yi jinkiri a bayan bakunanta, sai ta yanke kwana ta cinye kusan milimita huɗu a tsakiya. Da na ɗora dogon ma'auni a kai, haske yana wucewa ta ƙarƙashinsa. Mun ƙara ɗaure wayar bayan ta yi zafi, tun da zafi yana sa ta saki, muka kuma rage gudu a kwana. Na biyu da na uku sun fito daidai. Na gargaɗi kowa a gidan cewa wannan waya ta folistiren ce kaɗai, kada wani ya gwada ta a kan soson foliyuritan irin na katifa ko na jikin firiji, domin hayaƙinsa guba ne.

Laraba, 24 ga Janairu

Na goge sosan da samfefa a kan dogon katako, na zagaye goshinsa, tun da yadin gilashi ba ya kwanciya a kan kaifi. Ƙurar sosan tana manne wa komai saboda bushewar iska.

Asabar, 27 ga Janairu

Fatar ƙasa ta ɓangaren hagu, falle biyu, zaren a karkace digiri 45 da tsawon fiffike domin ya hana shi murɗewa. Kawu ne ya yanka yadin, ya naɗe shi a kan sanda ya shimfiɗa ba tare da ya ja saƙar ba, abin da ni ban iya ba tukuna. Kafin yadi sai an shafa wa sosan kunu. Haka muke kiran efoksin da aka dama da garin gilashi, wato ƙananan ƙwallaye masu rami a ciki waɗanda ido ba ya rarrabe su, kofi ɗaya na wannan da kofi ɗaya na wancan. Kunun yana cike ramukan da yanka ya buɗe a fuskar soso ba tare da nauyi mai yawa ba, kuma shi ke haɗa fata da soso.

Kuskuren yau nawa ne ni kaɗai. Mun makara, ba mu fara ba sai bayan Azahar, zafin rumfar yana digiri 35, ni kuma don in huta da yawan awo sai na haɗa giram 300 a kofi ɗaya. Efoksi yana fitar da zafi yayin da yake daskarewa, zafin kuma yana ƙara masa sauri, saboda haka idan ya taru da yawa a wuri mai zurfi sai ya riƙa hura kansa. Bayan minti goma sha biyar kofin ya gagari hannu, ya fara hayaƙi, na ɗauke shi da filaya na jefa a kan yashi a tsakar gida. Ya daskare ya zama dunƙule mai launin ƙasa da tsage-tsage a jikinsa. Allah ya taimaka ban zuba wanda ya fara kauri a kan yadin ba. Muka ƙarasa da giram 80 a kowane haɗi, ana zuba shi a kan aikin nan take ya baje. Takardar masu efoksin ta ba da lokacin aiki ne a kan zafin ɗaki na ƙasarsu, kuma abin da aka sani shi ne duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin da kusan rabi. Asarar yau giram 200, wajen sefa 6,000.

Lahadi, 28 ga Janairu

Na bi fatar da kwabon sefa 100 ina ƙwanƙwasawa taki-taki. Inda ta kama, ƙarar tana fita tsaf, inda ta ɗago kuwa sai a ji ta dushe. Wuri biyu ne kawai, kowanne bai kai farce ba. Na huda su na cusa efoksi da sirinji.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Ƙurar hunturu ta rufe gari har ba a ganin ƙetaren Binuwai. Ban buɗe yadi ba. Na rufe tagogin rumfar da leda, na naɗe yadin a cikin jakarsa, domin yadin da ya sha ƙura ko maiƙon hannu ba ya karɓar efoksi yadda ya kamata.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Fatar sama ta ɓangaren hagu. Don gudun abin da ya faru da kofi, na yanke shawarar mu fara da sanyin safiya, muna idar da sallar Asuba. Zafi digiri 20 ne, aiki ya tafi lafiya, mun gama kafin ƙarfe tara, muka rufe rumfar muka tafi karin kumallo da farin ciki.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na shiga rumfar da safe na haska fitila a kaikaice, na ga fatar ta yi ƙuraje. Na bi ta da kwabo ina zagaye kowane wuri da alƙalami, na ƙirga goma sha huɗu. Yawancinsu kamar ƙwayar gyaɗa suke, amma uku sun kai tafin hannun yaro, kuma mafi girmansu yana daf da ƙashin fiffike, wato doguwar madogarar da ke cikinsa, inda nauyi yake taruwa.

Na zauna na yi ta bin abin da ya faru har na gane shi. Jiya tsakanin tara da sha ɗaya rana ta hau kan kwanon rumfar, ma'aunin da yake riƙe adadi mafi girma ya nuna digiri 37. Iskar da ke cikin ramukan sosan ta yi zafi ta kumbura, efoksin kuma bai riga ya kama ba, sai ta tura fatar sama ta zauna a ƙarƙashinta har komai ya daskare a haka. Na guje wa zafi a kofi, na kai aikin inda zafi yake hawa a kansa. Ranar 27 ga Janairu, duk da wahalar da muka sha, da rana muka yi aiki zafi yana sauka, shi ya sa fatar ƙasa ta kwanta.

Ƙanina ya ce: "Yaya, ba a gyarawa?" Ana gyarawa. Ana goge wurin a gangare har a kai ga soso, a mayar da falle daidai da wanda aka cire, kowanne ya hau kan lafiyayyar fata da santimita biyu da rabi. Da wuri biyu ne ko uku nesa da ƙashi, da na yi hakan ba tare da damuwa ba. Amma faci goma sha huɗu nauyi ne, kuma kwabo yana nuna inda fata ta rabu ne kawai, ba ya nuna inda ta kama da rauni. Wannan ɓangare shi ke riƙe hancin jirgi kada ya kife, kuma ba zan iya zama a sama ina tunanin wurin da kunnena bai ji ba. Na ɗauko zarto na raba shi gida huɗu. Kawu bai ce komai ba, shi ne ma ya riƙe mini ɗayan gefen.

Yankan ya nuna mini abu na biyu. A ƙarƙashin manyan ƙurajen kunun ya yi ƙaranci, ana ganin ramukan soso a buɗe, domin na matse mashafin da yawa ina tsoron nauyi. Na ɓare fatar da hannu a wurare da dama: inda kunun ya wadata, soso yana biyo fatar ya yage, inda ya gaza kuwa fatar tana tashi fes. Asara ta kai sefa 48,000 da aikin mako uku. Na ajiye gutsattsarin don gwaje-gwaje.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Mun yanka sabon soso na hagu, ya fito daidai tun karon farko.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a raina. Wuyan hannun ƙanina ya yi ja ya fara ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje. Da na bincika, ashe idan efoksi ya taɓa shi tsakanin safar hannu da hannun riga, da tina, ruwan tsinka fenti, yake gogewa, alhali tina tana narkar da shi ne ta taimaka masa ya ratsa fata. Sabulu da ruwa ake so. Mun je asibiti an ba shi man shafawa, an kuma ce ya nisanci abin. Wanda jikinsa ya fara ƙin efoksi yakan zauna da wannan ƙin, kuma kowace taɓawa tana iya ƙara shi. Laifina ne, domin ni na karanta wannan, ban kuma tsaya a kansa yadda na tsaya a kan sikeli ba. Daga yau ba zai taɓa ɗanyen efoksi ba. Aikinsa duba agogo da ma'aunin zafi da rubutu, daga bakin ƙofa. Na sayi safar hannu ta naitiril kwali biyu da riguna masu dogon hannu da takunkumin ƙura don ranar guga, sefa 19,500.

Laraba, 21 ga Fabrairu

An shimfiɗa zana biyu a kan kwanon rumfar, sefa 7,000. Zafin tsakar rana a ciki ya ragu da digiri 4.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Fatar ƙasa ta sabon ɓangaren hagu, wannan karon bayan sallar Isha'i. Kwana uku ƙanina yana rubuta zafin rumfar kowace sa'a, muka ga daga ƙarfe takwas na dare yana sauka a hankali daga 30 zuwa 22 da asuba, ba ya komawa sama sai rana ta fito. Ke nan efoksi yana da sa'a goma da zai kama cikin zafi mai sauka, iskar cikin soso tana tsukewa tana jawo fatar ciki. Mun yayyafa ruwa a ƙasa don kwantar da ƙura. Na shafa kunu har fuskar sosan ta yi fari bai ɗaya, sannan na kwashe abin da ya yi saura. Kawu ya shimfiɗa falle na farko ya daidaita zaren da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, na zuba efoksi siriri, na ja mashafi, inda ya ƙi jiƙa na dinga dangwala buroshi a tsaye har farin ya ɓace. An ɗauke wuta muna tsakiyar falle na biyu, muka ƙarasa da fitilar batir, kuma na lura haskenta na kaikaice ya fi ƙwan sama nuna busasshen wuri. A layin da za a haɗa da fatar sama na ɗora ƙyallen dakron, wanda ake ɓarewa bayan an daskare ya bar fuska mai kaushi da sabon efoksi zai kama.

Na tashi ƙarfe biyu na dare na taɓa bakin yadin, ya yi kamar cingam. A wannan lokaci reza tana yanke shi kamar fata, idan aka bari ya kwana kuwa sai zarto. Da safe kwabo bai samu ko wuri ɗaya ba.

Asabar, 2 ga Maris

Fatar sama ta hagu, da dare. A bakin baya, inda fatu biyu suke haɗuwa, na cire ɗan soso na cike gurbin da efoksin da aka dama da garin auduga, domin gilashi ya kama gilashi. Kawu ya tambaya ko audugarmu ta nan za ta yi. Wanda tsarin ya ambata niƙaƙƙe ne gajere mai tsabta, kuma da shi zan tsaya. Ɓangaren ya gama a giram 2,140, babu ƙurji.

Laraba, 6 ga Maris

Fatar ƙasa ta dama. Lafiya lau.

Asabar, 9 ga Maris

Fatar sama ta dama daren jiya, giram 2,175. Bambancin giram 35 tsakanin hagu da dama bai dame ni ba.

Yau na yi amfani da gutsattsarin da na yanka. Na shafa wa ɗaya farin fenti, ɗaya ja, ɗaya baƙi, na jera su a rana daga sha biyu zuwa biyu, zafin inuwa yana 40. Ma'aunin da ake haskawa daga nesa ya nuna 52 a kan farin, 68 a kan jan, 81 a kan baƙin. Na ɗauki baƙin da tsumma na murɗa, ya bi hannuna, bayan ya huce kuma ya zauna a murɗe. Efoksin da ya daskare a zafin ɗaki yana fara laushi tun wajen digiri 55 zuwa 60, kuma wannan ne dalilin da ya sa jiragen irin wannan gini kusan duka farare ne. Ƙanina ya so a yi wa jirgin kore da ja da rawaya irin na tutar ƙasa. Mun daidaita a kan siririn layi a gefen gangar jiki, ban da saman fiffike ko wutsiya. Abin da ya fi tsaya mini shi ne farin ma ya kai 52, wanda a filin jirgin Garwa cikin Afrilu tazara ce kaɗan. Saboda haka gasa ɓangarorin bayan daskarewa ya zama dole a wurina, domin shi ke ɗaga zafin da efoksi zai jure.

Laraba, 13 ga Maris

Azumi ya kama, daren kuma ya daina sauka ƙasa da digiri 27 a rumfar, ga Tarawihi a daidai lokacin da muke fara aiki. Na dakatar da duk wani aikin ɗanyen efoksi. Gwangwanayen suna rufe a kusa da randa a ɗakin da ya fi sanyi, saura kilo 3 da ɗan kai. Abin da aka kashe zuwa yau, har da kofuna da buroshi da samfefa da fenti, sefa 648,500.

A cikin watan nan zan haɗa akwatin gasa ɓangarorin: teburi mai shimfiɗe daidai da zai tallafi kowane ɓangare daga kai zuwa ƙarshe don kada ya lanƙwashe idan ya yi laushi, da rufin baƙar leda mai ƙofar iska da za a riƙa buɗewa. Ina son digiri 55 zuwa 60 na tsawon sa'o'in da takardar efoksin ta tsara, kuma ba zan bari ya kusanci 70 ba saboda sosan. Zan fara gwada shi da gutsattsari kwana uku, ƙanina yana rubuta zafi kowane minti goma sha biyar. Zan kuma haɗa hotunan kowane falle da awon nauyinsa a fayil ɗaya, domin in je da su idan na nemi ganawa da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Kamaru kan batun dubawa, kafin in rufe wani ɓangaren da ba za a sake ganin cikinsa ba. Haɗa hagu da dama a kan ƙashi ɗaya sai bayan Sallah, kuma kafin ranar ina buƙatar ƙarin yadi mai zare ta fuska ɗaya mita 6, wanda zan aika a sayo gobe.